Ƙofar da Aka Rufe wa Mutumin Boɗinga

Kakana na wajen uba bai taɓa cewa za shi Sakkwato ba. "Birni za ni," shi ke nan, kamar duk duniya babu wani birni sai shi. Daga Boɗinga zuwa can ba ta kai tafiyar awa guda a mota ba, amma da ya sallame asuba zai rataya gafakarsa ya fita bakin hanya, la'asar na yi kuma ya fara neman motar komowa. Wata rana, ina aji shida na firamare, ya tafi da ni ziyara Hubbaren Shehu. Da muka shafa addu'a muka fito, na roƙe shi mu kwana gidan gwaggona, don ina kwaɗayin kallon talabijin. Ya dube ni ya ce, "Kai ja'iri, ba ka san mu anka ruhe ma ƙohwa ba? Wanda anka ruhe ma ƙohwa sau guda, jikokinai ba su bari dare ya ishe su bakin birni."

Na waiga gabas, na waiga yamma. Kwalta ce da shaguna, ga masu sayar da tasbaha da turare, ga almajirai da ƙoƙunansu. Babu ganuwa, balle ƙofa. Na ce, "Malam, ina ƙofar take?" Ya ce in na girma in nemo ta da kaina. Malam ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Ni kuma na shafe shekaru ina koyar da tarihi a makarantar sakandare, ina cika umarninsa sannu a hankali.

Sakkwato yarinya ce cikin biranen ƙasar Hausa. Kano ta fara kewaye kanta da ganuwa tun zamanin Sarki Gijimasu, a farkon ƙarni na 12. Surame, birnin Kanta na Kabi, tun ƙarni na 16 aka jera duwatsunta. Ita kuwa Sakkwato, sai a 1809 Muhammadu Bello ɗan Shehu ya fara gina ta, a kan tudun da ke kusa da mahaɗar gulbin Rima da gulbin Sakkwato, inda da can ɗan ƙauye ne kawai.

Wuya ce ta koya wa jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo darajar ganuwa. Sun yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, suka ci nasara a Tafkin Kwatto a watan Yuni, amma kafin shekarar ta ƙare sai ga Tsuntsuwa, inda suka rasa mutum wajen 2,000, cikinsu har da mahaddatan Alƙur'ani kimanin 200. Daga nan sai yawo da yunwa, har suka sauka Gwandu a 1805. A ƙarshen wannan shekara aka fatattake su a Alwasa, abokan gaba suka biyo su har bakin Gwandu, gari ba ganuwa, mata da yara da littattafai duk a fili. Allah ya tsare, suka mayar da farmakin. Bayan haka ne aka kewaye Gwandu. Ita kanta Alƙalawa, birnin Gobir, sai da ganuwarta ta mayar da su baya ba sau ɗaya ba kafin ta faɗi a 1808. Jiki magayi: wanda ya ga wannan duka, in ya tashi gina gari, da ganuwa zai fara.

Sai dai Shehu bai shiga sabon birnin nan da nan ba. Da ya bar Gwandu, Sifawa ya sauka, wajen 1810, ya zauna kusan shekara biyar. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna Boɗinga, 'yar tafiyar da yaro zai yi da ƙafa ya dawo kafin rana ta yi zafi. Bello yana can yana aikin birni. Ke nan a shekarun da daular ke tsayawa da ƙafafunta, zuciyarta tana nan wajenmu, tsakanin gonakin gero da dawa da muke wucewa kullum ba mu ko waiwaya ba.

A Sifawa Shehu ya janye hannunsa daga hidimar mulki ya koma ga abin da ya fi so, wato karantarwa da rubutu. Ɗalibai suka yi ta zuwa daga nesa da kusa. A shekarun nan ya rubuta Sirajul Ikhwan da Najmul Ikhwan, kuma a nan ya tsara waƙar nan ta Fillanci mai jan kunnen masu mulki, wadda 'yarsa Nana Asma'u ta mayar Hausa daga baya, aka san ta da Tabbat Haƙiƙa. Abin lura ne cewa tun ba a yi shekara biyar da faɗuwar Alƙalawa ba, Shehu ya riga ya hango cewa waɗanda suka kawar da zalunci su ma za su iya yin sa. Shi ma Malam Abdullahi alƙalaminsa bai huta ba. A 1813 ya haɗa Tazyinul Waraƙat, inda ya tara waƙoƙinsa da labarin jihadi kamar yadda ya gani da idonsa, sannan ya kammala babban tafsirinsa Diya'ut Ta'wil, wanda har gobe malamai ke buɗewa a watan azumi. Bello kuma a 1812 ya gama Infaƙul Maisuri. Uba da ƙane da ɗa, cikin tazarar yini guda, kowa da tawadarsa.

A Sifawa ɗin dai, a 1812, aka raba kula da ƙasa. Gabas ta koma hannun Bello, yamma hannun Abdullahi, arewa aka danƙa wa Sarkin Yaƙi Aliyu Joɗi. Daga wannan rabo aka sami gidaje biyu, Sakkwato da Gwandu. Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi da Adamawa suna kai gaisuwa Sakkwato, Nufe da Ilori da ƙasashen yamma har Liptako, cikin Burkina Faso ta yau, suna kai wa Gwandu. Duk lokacin da na faɗa wa ɗalibaina cewa a Sifawa aka yi wannan rabo, sai su yi dariya, su ce, "Malam, Sifawar nan tamu?" Ita fa.

Kafin in zo kan ƙofar Malam, bari in faɗi yadda ake ganuwa, don wanda bai taɓa taka ƙasar gini ba ba zai fahimci dalilin ɓacewarta ba. Gidanmu na Boɗinga na ƙasa ne, kuma kowace shekara bayan an kai amfanin gona rumbu, sai a kira magini. Mu yara aikinmu ɗebo ruwa da taka ƙasa. A haƙo jar ƙasa, a jiƙa, a zuba mata yankakkiyar ciyawa, mu shiga da ƙafa muna kirɓawa har ta yi danƙo, a bar ta kwana da kwanaki ta ruɓa, a sake takawa. Daga ita ake mulmula tubali, mai faɗin gindi da tsinin kai, a jera a rana ya bushe. Magini na zaune a kan katanga kamar mai hawan doki, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, yaronsa na ƙasa yana cilla masa tubali ɗai-ɗai, yana cafewa ba ya ko dubawa, ya dasa, ya bi da curin ƙasa ya danne da tafin hannu. In gini ya tsaya sai yaɓe, mai hali kuma ya sa a yi masa da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, don ruwa ya riƙa zamewa. Shekarar da muka ƙi yin yaɓe saboda rashin lafiyar babana, damina ɗaya ta zaftare mana kusurwar katanga, awakin maƙwabta suka mayar da tsakar gidanmu hanya.

To, a auna wannan aiki a kan birni guda. Ganuwa ƙasa ce da aka haƙo daga gindinta, ramin da ya rage ya zama gwalalo, a dasa masa sarƙaƙiya. Daga ciki ana barin tudu inda maharba za su tsaya. Ƙofa kuma ɗaki ce mai zurfi, rufin azara, da ƙyaure mai nauyi, da sarkin ƙofa mai kula da shiga da fita. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: unguwa-unguwa da ƙauye-ƙauye ake raba aikin, talakawa da bayi ne suka ɗauki mafi nauyinsa, kuma gaskiya ce a faɗe ta. Kowace shekara bayan damina sai an koma an toshe inda ya zube. Ganuwar ƙasa tana rayuwa ne muddin akwai mai ikon tara mutane, da kuma tsoron da zai sa su fito.

Baturen nan Kyaftin Klapaton, wanda ya iso Sakkwato a 1824 ya gana da Sarkin Musulmi Bello, ya rubuta cewa tsayin ganuwar ya kai ƙafa 20 zuwa 30, da ƙofofi 12 da ake rufewa da faɗuwar rana. Ya kuma ce an faɗaɗa ta bayan rasuwar Shehu, don birnin ya yi wa jama'a kaɗan. Mu dai takwas muka tashi muna ji: Ƙofar Kware, Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Atiku, Ƙofar Aliyu Joɗi, Ƙofar Kaɗe da Ƙofar Dunɗaye. Sunayen kansu tarihi ne. Wata ta ɗauki sunan garin da take fuskanta, wata sunan itace, wata sunan babban mutum, kamar Abubakar Atiku ɗan Shehu, wanda ya gaji Bello a 1837.

A 1815 Shehu ya bar Sifawa ya koma Sakkwato. Ranar 20 ga Afrilu, 1817, daidai da shekara ta 1232 bayan Hijira, Allah ya karɓi ransa. Labari ya iso Boɗinga, Malam Abdullahi ya hau ya nufi birni. Masana tarihi sun kawo cewa da ya isa, ya tarar an rufe ƙofa, manyan jama'a sun riga sun yi wa Bello mubaya'a. Ya juya akalar dokinsa ya dawo, daga baya ya tattara ya koma Gwandu.

Na daɗe ina juya wannan tsayuwa ta bakin ƙofa a raina. Mutumin da ke waje shi ne ya jagoranci runduna a Tafkin Kwatto, shi ya ci Birnin Kabi a 1805, shi ne wazirin ɗan'uwansa tun farkon al'amari, kuma ba a ja da shi a fagen ilmi. Shi ne wanda ya taɓa barin fagen daga saboda ƙyamar son duniyar da ya fara gani cikin jama'a, ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi ya rubuta musu Diya'ul Hukkam. Gawar yayansa tana ciki, shi yana waje. Na cikin ma suna da hujjarsu. Ƙasa ba ta zauna ba, Gobirawa da Zamfarawa da Kabawa na jiran ɓaraka, ga Abdussalami a Kware, arewa kaɗan da birni, wanda bai daɗe ba ya yi tawaye a wannan shekara. Sun san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, suka ga gara a gama magana kafin gari ya waye da shugabanni biyu. Ganuwar da aka gina don tare abokan gaba, babban baƙon da tarihi ya fi tunawa ta tare ɗan gida ne.

Abin da ya sa kakana ke ba da labarin yana murmushi shi ne ƙarshensa. Bayan 'yan shekaru, wajen 1820, 'yan tawaye suka kafe a Kalambaina ta kusa da Gwandu, ba Kalambainar kamfanin siminti ta kusa da birni ba. Abin ya yi wa Malam Abdullahi nauyi, sai ga Bello da rundunarsa ya kawo ɗauki. Bayan an ci garin suka haɗu a kan dawaki. Bello ya yunƙura zai sauka don girmama baffansa, Malam Abdullahi ya hana shi, shi ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Malam Abdullahi ya rasu a Gwandu a 1829, gidajen biyu kuma suka ci gaba da tafiya tare har zuwan Turawa. In Malam ya kai nan sai ya ce, "Ka ji manya. An ruhe mishi ƙohwa, shi bai ruhe tashi ba."

Bello bai tsaya ga Sakkwato kaɗai ba. Dabararsa ita ce ribaɗi: a kafa garuruwa masu kariya a bakin iyaka da kan manyan hanyoyi, a zaunar da makiyaya, a sa malami da alƙali da masallaci, a jawo masu sana'a, gari ya ciyar da kansa ya kuma tsare na bayansa. Shi da kansa ya zauna a ribaɗin Wurno, a can ya rasu a 1837, a can kabarinsa yake. Ta ɓangarenmu na kudu maso yamma, Tambuwal ta zama mazaunin Muhammadu Buhari ɗan Shehu, Yabo kuma gidan Muhammadu Moyijo, wanda ya tallafi jama'a tun kwanakin wuya. Kabawa ba su daina yaƙi ba, musamman bayan da suka kafu a Argungu, don haka garuruwan wannan hanya, Boɗinga da Sifawa da Shagari da Yabo da Tambuwal, su ne garkuwar birni. Kafin mahari ya ga Ƙofar Atiku sai ya bi ta kanmu.

Haka ma aka yi a 1903. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu, rundunarsu ta yo yamma, ta haɗu da wata da ta taso daga Argungu a Shagari, suka hau wannan hanya tamu zuwa birni. Ranar 15 ga Maris aka gwabza a Giginya, a fili, bayan ganuwa. Dawaki da masu da takubba suka fuskanci bindiga mai ruwa da igwa, kafin rana ta take tsaka an gama. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da waɗanda suka bi shi, ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. Daga ranar babu mai kiran gayyar gyaran ganuwa. Damina ta riƙa cin rabonta, masu gini suka riƙa ɗibar ƙasa, gari ya faɗaɗa, aka fasa hanyoyin mota. Ba a rushe ta rana ɗaya ba, daina yaɓe aka yi, kamar katangar gidanmu.

Shekara 22 bayan wucewar waccan runduna, a 1925, aka haifi ɗa a gidan Magajin Shagari, aka sa masa sunan Shehu Usmanu. Ya yi firamare a Yabo, ya yi Midil a Sakkwato, ya zama malamin makaranta, ya rubuta Waƙar Nijeriya don koya wa yara ƙasarsu, ya zama Turakin Sakkwato, ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Shekara guda kafin hawansa, shi da Jean Boyd suka fitar da ɗan littafi kan shugabancin Shehu Ɗanfodiyo. Da ya rasu ranar 28 ga Disamba, 2018, Shagari aka kawo shi aka rufe. Ina kawo shi ne don ɗalibaina su ga cewa abin da aka shuka a Sifawa, na haɗa karatu da jagoranci, bai tsaya a zamanin dawaki ba.

Kowace shekara nakan ce wa 'yan ajina su lissafo ƙofofin Sakkwato. Sukan kawo biyar ko shida ba gargada, domin sunayen unguwanni ne da suke faɗa wa ɗan kabu-kabu. In na tambaye su me ya sa ake ce musu ƙofa, sai a yi tsit. Ba laifinsu ba ne. Wasu garuruwan sun riƙe nasu. Harar ta ƙasar Habasha tana nan cikin ganuwarta, hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2006. Agadas, maƙwabciyarmu a Nijar, ta shiga a 2013 da gine-ginenta na ƙasa. A Jenne ta ƙasar Mali, duk shekara gari ke fitowa ƙwansa da kwarkwatarsa a yaɓe babban masallaci, abin ya zama biki. Ƙasarsu ba ta fi tamu danƙo ba, yaɓen ne ba su bari ba. Mu kuwa Surame da ganuwar Kano suna jerin jiran wannan hukuma tun 2007.

Ni ma ina da nawa laifin. Bayan rasuwar Malam, aka rataye gafakarsa a ɗakin da ba a shiga, muka ce tsaraba ce ta albarka, kada a taɓa. Sai bayan shekara bakwai na sauke ta. Ciki akwai takardu rubutun hannu, tawada baƙa da ja, wani sashe na littafin Malam Abdullahi da wani ya kwafa tun kafin a haifi babana. Gara ta shiga ta gindi ta cinye kusan rabi, ina ɗaga warƙa tana zuba kamar garin tuwo. Na zauna a ƙasa na rasa abin cewa. Ni da nake tsayawa gaban allo ina kukan an bar ganuwa ta zube, ga tawa ta zube a ɗakin ubana. Abin da ya tsira na ɗauki hotonsa da waya shafi-shafi, na sa a akwatin ƙarfe da ganyen darbejiya.

Ganuwar Sakkwato ba za ta dawo ba, kuma ba na roƙon a zuba siminti a ce an maido ta. Abin da ya rage shi nake roƙo a tsare. Duk mai gafaka ko tsohon adaka a gida, a Boɗinga ko Sifawa ko Shagari ko Danchaɗi, ya sauke ya duba tun kafin damina, in abin ya fi ƙarfinsa ya nemi shawarar masu adana irin waɗannan takardu a gidan tarihi na Waziri Junaidu. Sarakunanmu da masu hali su sa a kafa alluna, da Hausa da ajami, a inda kowace ƙofa ta tsaya da inda Shehu da Malam Abdullahi suka zauna. 'Yan'uwana malaman makaranta kuma, kafin mu nemi kuɗin motar kai yara yawon buɗe ido wata jiha, mu fara kai su Sifawa da ƙafa, mu zaunar da su gaban tsofaffin garin tun suna da rai. Kai kuma mai karatu, in hanya ta biyo da kai daga Sakkwato zuwa Jega, ka ce wa direba ya ɗan tsaya bayan Boɗinga, ka sauka ka yi wa mutanen nan addu'a. Zumunta a ƙafa take.